Gidan Tarihin Da Ya San Abin Da Kake So

A zaman ƙungiyarmu da ya wuce mun tambayi juna, wa ya taɓa shiga gidan tarihi? Kaɗan ne suka ɗaga hannu. Amma a jarrabawa ana tambayarmu al'adun Nok da na Benin, mu haddace mu rubuta, alhali ba mu taɓa ganin kayan da idonmu ba. Shi ya sa muka yi bincike a kan yadda waya za ta iya kai mu wurinsu.

Wasu kayan suna nan gida, kamar na Gidan Makama a Kano, da gumakan yumɓu na Nok da ke gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952. Kuɗin mota ne kawai ke hana mu zuwa. Wasu kuwa sun yi nisa. A 1897 sojojin Ingila suka ci birnin Benin da yaƙi, suka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa, kayan suka watsu a Turai da Amurka. Sai a Nuwamban 2022 aka buɗe shafin Digital Benin, wanda ya tara hotuna da bayanan kaya sama da 5,000 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20. Har sunayen kayan an saka da harshen Edo.

To, a nan wata matsala ta taso. Idan aka zube maka kaya 5,000 a gabanka, ta ina za ka fara? A gidan tarihi na zahiri akwai ɗan jagora da zai dube ka, ya gane kai yaro ne, ya yi maka bayani daidai kai. Wannan aikin ne ake koya wa ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar kwamfuta da ke koyo daga bayanan da ake ba ta.

Ga yadda abin yake. Da farko ana ɗaukar hoton kowane abu, a rubuta sunansa, da inda aka yi shi, da zamaninsa, da abin da aka yi shi da shi. Daga nan manhajar tana lura da kai: me ka danna, a ina ka daɗe kana kallo, me ka tsallake. Sai ta kwatanta da sauran kayan, ta kawo maka masu kama da wanda ya ja hankalinka. Kamar mai shagon unguwarku ne da ya san irin sabulun da ake saye a gidanku tun kafin ka buɗe baki.

A ce ɗalibai biyu sun shiga shafi ɗaya. Ɗan gidan maƙera zai tsaya a kan kayan ƙira, sai ta riƙa nuna masa yadda ake narka tagulla. Mai son ɗinki kuma za ta samu riguna da saƙa. Ɗan firamare zai iya samun gajeren bayani, malami ya samu dogo, wanda ba ya gani kuma a karanta masa da murya.

Akwai manhajojin da suka fara irin wannan. Google Arts & Culture, da aka fara a 2011, tana da wani sashe da ke duba hoton fuskarka ya nemo zanen da ya yi kama da kai. Smartify kuma idan ka saita kyamarar waya a kan zane a gidan tarihi, sai ta gane shi ta ba ka labarinsa.

Sai dai a yi hattara. Idan manhaja tana kawo maka abin da kake so kaɗai, ba za ka taɓa karo da abin da ba ka sani ba, kuma don shi ake zuwa gidan tarihi. Tana kuma yin kuskure, don haka a riƙa tambayar malamin tarihi. Hoton fuska kuma kada mu tura shi sai da izinin iyayenmu.

Abin da ya fi damun mu shi ne, manhaja ba ta iya nuna abin da ba a saka mata ba. Idan babu wanda ya ɗauki hoton akushi, ko adudu, ko mazari, ya rubuta sunansu da amfaninsu da Hausa, duk basirarta ba za ta san da su ba. Mu kanmu, mutum nawa ne a ajinmu suka san aikin mazari?

Saboda haka muna roƙon kowa, idan ya koma gida, ya tambayi kakarsa ko kakansa wani tsohon abu ɗaya da ke ɗaki. A rubuto sunansa da amfaninsa da wanda ya yi shi, a zana shi ko a ari waya a ɗauki hoto, a kawo wa ƙungiyarmu. Za mu liƙa su a wannan allo mako mai zuwa.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, ɓangaren ƙaramar sakandare.