Fitilun Motoci Masu Kashe Ido: Ina Doka Ta Tsaya?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Jega zuwa Kwantagora, ko ta Funtuwa zuwa Gusau, bayan sallar isha'i, ya san halin da direba ke shiga idan babbar mota ta tunkaro shi ta dalle shi da fitila. Hanya ɗaya ce, mai zuwa da mai dawowa suna rabawa, ga ramuka, ga kuma wata tirelar da ta lalace aka bar ta a tsakiyar titi ba wata alama sai ganyen da aka zuba a bayanta. A irin wannan hali direba ba ya ganin komai sai farin haske.

Lissafin abin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin wajen mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan haske ya kashe idon direba na daƙiƙa uku kacal, ke nan ya yi tafiyar fiye da mita 80 a makance, da fasinjoji a bayansa. Idon dattijo kuwa ya fi na saurayi daɗewa kafin ya washe.

A da can fitilun motoci ba su kai haka ƙarfi ba. An fara amfani da ƙwan halojin a Turai a 1962, mai haske ja-ja wanda tsofaffin direbobin Fijo suka saba da shi. A 1991 kamfanin BMW ya fito da fitilar zenon, wadda haskenta ya ninka na halojin sau biyu ko fiye, sa'an nan daga wajen 2007 aka shiga yayin fitilun LED masu fari fat kamar walƙiya. Ga mai motar wannan ci gaba ne, domin yana hango nesa. Amma wanda ke fuskantarsa shi ne ke shan wahalar.

Sai dai ba ƙarfin ƙwan kaɗai ne matsalar ba. An ƙera kowane gidan fitila ne domin irin ƙwansa, yadda madubin ciki zai tattara hasken ya sauke shi kan kwalta. Idan aka sayo ƙwan LED mai araha a Ladipo ta Ikko, ko Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, aka ba mai gyaran wuta ya cusa shi a gidan halojin, sai hasken ya watsu ko'ina, har cikin idon mai zuwa, ko da direban ya yi dim. Haka nan motar da aka labta wa kaya a baya, hancinta yakan ɗaga sama, fitilar ta bar titi ta koma fuskar mutane. Wasu direbobin manyan motoci kuma ba su gamsu ba sai sun jera ƙarin fitilu a gaba da saman mota, kai ka ce gidan biki ne.

Akwai wani abin da ba a cika lura da shi ba. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama. Motar da aka ƙera domin Ingila ko Japan, inda ake bin hagu, fitilarta tana karkata hagu ne, watau a nan ƙasar kai tsaye cikin idon mai tunkarowa. Ana iya juya sitiyari a gareji, amma ba kowa ke tunawa da canza fitilar ba.

Wasu ƙasashe sun riga sun ɗauki mataki. A Turai ƙa'ida ta tilasta wa motoci masu fitila mai ƙarfi sosai su kasance da na'urar da ke daidaita ta da kanta, da kuma mai wanke gilashinta. A Ingila tun 2021 motar da aka sa wa ƙwan LED ko zenon a gidan halojin takan faɗi gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Amurka kuma a 2022 ta amince da fitilun da ke rage haske da kansu a ɓangaren da suka hango mota tana zuwa.

A nan gida ba rashin hukuma ake fama da shi ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Tarayya a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma littafin dokokin hanya ya umarci direba ya rage fitila idan ya hangi mota tana zuwa. Akwai jami'an VIO masu duba lafiyar motoci, akwai kuma Hukumar SON mai kula da ingancin kayan da ake shigowa da su. Abin da ya kamata shi ne a tsayar da iyakar hasken da aka yarda da shi, a tare miyagun ƙwayaye tun daga tashar jiragen ruwa ta Apapa, kuma kada a sabunta takardun mota sai an auna inda fitilarta ke sauka. Shingen da aka kafa da rana tsaka ba zai kama wannan laifi ba, domin a lokacin fitilar a kashe take.