Auta Za Ta Bar Gindin Tukunya

Ƙarfe uku da rabi na dare ake tashi a gidanmu da ke Aboabo, nan Kumasi, kuma tun ina yaro ban ga an fasa ba sai ranar Sallah ko ranar rasuwa. Mma ce ke fara motsi, sai ƙanwata, autarmu, ta biyo ta da tocila. Kafin ladan ya yi kiran farko wake ya yi laushi, karan dafi ya saki jansa a ruwa, an zuba shinkafa. Ƙarfe shida tebur na bakin titi, layi ya fara: direbobin tirotiro, masu piragiya, 'yan makaranta da ke so a ƙara musu taliya kyauta. Waakye ake rubutawa a allo, amma kowa ya san wakenmu ne muka ara wa maƙwabta, suka dawo mana da shi da sabon rubutu.

Ran Lahadi mai zuwa wannan tsari zai canza. Auta za ta hau mota zuwa Jami'ar Cape Coast. Ita ce mace ta farko a zuri'armu da za ta taka jami'a, shekarunta sha tara, kuma ba ta taɓa ganin teku ba.

Tun da ta gama jarrabawar WASSCE ta dawo gida da akwatin katakonta, rayuwarta kashi uku ce. Safe tana teburin waakye har sha ɗaya. Bayan azahar ta riƙe wa wani maƙwabcinmu rumfarsa ta MoMo, yana ba ta na kati. Bayan la'asar ta wuce makaranta, tana ɗora wa ƙanana karatu daga Nasi zuwa Sabbi, a kan tabarmar da ita ma ta zauna. Tun bayan korona jami'o'inmu suka koma karɓar sabbin ɗalibai wajen watan Janairu, saboda haka zaman jiran ya yi tsawo. Duk wanda ke da ɗa ko ƙane a wannan hali ya san irinsa: yaro ya wuce ɗan sakandare, bai kai ɗan jami'a ba, aike kuma kowa na gida shi yake nema.

Ranar da sakamako ya fito ta sayi lambar dubawa, ta shigar, sai ta miƙo min wayar ta juya wa bango fuska. "Yaya, kai duba. In babu kyau kada ka ce komai, ka aje wayar kawai."

Ga iyayen da ba su san lissafin ba, ga yadda yake. Maki na tafiya daga A1 zuwa F9, kuma jami'a ba ta karɓar abin da ya gaza C6. Darussa shida ake tarawa, uku daga na dole, wato Turanci da lissafi da kimiyya ko ilimin zaman jama'a, uku daga waɗanda ɗalibi ya zaɓa. A1 ɗaya ne, C6 shida ne, don haka ƙanƙantar jimla ita ce kyanta. Shida ce ƙololuwa. Auta ta tashi da 13, da A1 a lissafi duka biyun. Na faɗa mata, ta durƙusa ta yi sujada a kan siminti, Mma ta rangaɗa guɗa har matan gidan haya suka fito da ludayi a hannu.

Murnar ta yi mako uku. Aikin jinya take so, tun tana aji biyu na babbar sakandare. Da na tambaye ta dalili ba ta ɓoye ba: "Yaya, nas tana iya fita waje. Ingila ma nemansu ake. Ticha ina zai je?" Masu neman jinya sun yi yawa, gurbi kaɗan, 13 ba ta isa ba. Da takardar shiga ta zo, digirin koyar da lissafi aka ba ta. Kwana biyu ba ta yi min magana ba, don ni na sa ta rubuta shi a zaɓi na biyu.

A nan sai na faɗi gaskiya a kaina. Ni ba ƙaunar alli ce ta kai ni kwalejin horar da malamai ba, alawus ne. A lokacinmu ana ba ɗalibin kwaleji ɗan kuɗi duk wata, gidanmu kuma ba shi da ƙarfin jami'a. Daga baya na so aikin, har yau ina son sa, amma Auta ta tashi tana ganina ina lissafin kwanakin wata tun daga sha biyar gare shi. Ta sha tsokanata da "Malam Ashirin-da-takwas", ranar da fuskata ke washewa. Don haka da ta yi fushi ban ga laifinta ba. Na kwana ina tambayar kaina ko takalmina na cusa mata don shi kaɗai na san girmansa. Abin da ya kwantar min da rai shi ne na taɓa ganinta tana koya wa wani yaro ɗan aji shida rabon lamba da marfin kwalba a bayan tebur, layi na jiranta, ita ko a jikinta. Wannan abu ba a kwaleji ake samunsa ba. Kuma a duk shekarun da na yi ina koyarwa a makarantun zango, malamar lissafi mai hijabi da na haɗu da ita ba ta fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Ran na uku ta same ni ina gyara takardun yara. Ta ce, "In na gama, dole ne sai firamare?" Na ce mata da digirin lissafi babbar sakandare za ta nufa, in ta so ta ƙara karatu ta koyar a kwaleji. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ai na fi ka ke nan." Daga nan na san an shirya.

Sai saura Baba.

Baba ba maƙiyin boko ba ne. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi Tema zuwa Wagadugu har gwiwarsa ta gaji, kuma shi ya kai mu makaranta da hannunsa. Nisan ne bai so ba. "Ga Tek nan a bayan gida," in ji shi, yana nufin Jami'ar Kwame Nkrumah, "mota ɗaya za ta hau ta dawo ta kwana ɗakin uwarta." Ta nema a can ma, ba ta samu ba. Kawunmu kuma ya shigo da tasa: akwai yaro mai shagon kayan babur a Alabar, ɗan mutunci, iyayensa sun fara aiko gaisuwa, me za a jira shekara huɗu?

Ba na cikin masu yi wa tsoron dattawanmu dariya. Kakanninmu sun ƙi makarantun mishan ne saboda sun ga yara sun shiga da suna ɗaya sun fito da wani. Sai da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi a 1987, makarantunmu na Turanci da Larabci suka samu malaman gwamnati, sannan iyaye da yawa suka saki jiki. Ko a 2021 ƙasar nan ta ɗauki zafi kan hana ɗaliba Musulma azumi a wata makarantar mishan ta 'yan mata, a Cape Coast ɗin nan dai, kuma Baba ya ji labarin a rediyo bai manta ba. Ƙidayar 2021 ta ce kusan mutum ɗaya cikin biyar a Ghana Musulmi ne, amma a kudu akwai ajin da za ka shiga ka tarar kai kaɗai ne. Inda na saba da Kawu shi ne maganin. Tun da aka fara babbar sakandare kyauta a 2017, 'yan matan zango sun cika azuzuwa. In duk za su tsaya a ƙofar jami'a su juyo, gobe ma wasu ne za su koyar da 'ya'yanmu, su duba matanmu a asibiti, mu kuma mu zauna a bes muna shan ataya muna cewa an ware mu.

Hujja ba ta motsa Baba ba, tafiya ce ta motsa shi. Wata Asabar na ɗauke shi muka bi ta Assin Fosu muka sauka Cape Coast kafin azahar. Na nuna masa jami'ar da Nkrumah ya kafa a 1962 musamman don samar da malamai masu digiri. Wannan bai dame shi ba. Ya ce in kai shi masallaci. Muka yi azahar tare da ɗalibai, bayan sallama ya tsare wani yaro ɗan ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA da tambayoyi kamar ɗan sanda: wa ke limanci, mata na zuwa, da azumi yaya ake buɗa-baki? Daga nan muka je Adehye, ɗakin kwanan da mata zalla ke ciki, ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙofa da mai gadi. Da yamma ya ja ni zango, kusa da kasuwar Kotokuraba, ya yi ta tambaya har ya gano wani tsohon abokin tuƙinsa da suka rabu shekaru. Matar mutumin ta ce, "Alhaji, ai 'yarka 'yata ce. Duk Juma'a ta zo ta ci tuwo."

A hanyar dawowa bai ce uffan ba. Har yau bai ce ya yarda ba. Bayan kwana biyu dai muka ji yana tambayar Mma daga ɗaki, "Yarinyar nan tana da bokiti kuwa?"

Kuɗi kuma nasu labarin daban. Gwamnatin Mahama ta fito da tsarin ɗauke wa 'yan shekarar farko kuɗin karatu a manyan makarantun gwamnati a 2025, kuma ya rage nauyi ƙwarai. Sai dai iyaye su sani, bai shafi kuɗin ɗaki ba, balle abinci da littattafai da mota. Mma ta roƙi matan adashinsu aka ba ta kwasar Disamba a maimakon ta Maris. Ni na saya mata kwamfutar hannu ta gwanjo. Ranar kama gado ta intanet waya biyu muka haɗa, muna ta dannawa kamar masu neman bizar Amurka, har Allah Ya sa ta samu Adehye. Akwai asusun ba ɗalibai rance na gwamnati, wanda yanzu da katin ɗan ƙasa ake nema ba sai an kawo mai tsaya wa ba, amma Baba ya ce a bar shi tukuna sai ya tambayi malaminsa hukuncin ruwan da ke kai.

Auta tana da wani littafi mai baƙin bango da take rubuta masu cin bashin waakye. Shekaranjiya na ɗauka zan duba wani lissafi, sai na ga ta baya ta cika shi da wani abu dabam. Ta kama ni, ta yi kamar za ta ƙwace, sannan ta ce in karanta, har ta yarda in sa kaɗan a nan. Shafin farko kayan tafiya ne: katifa, bokiti, gari, shito, dogayen hijabai huɗu. Daga shafi na biyu tambayoyi ne. In lacca ta ci lokacin azahar, fita zan yi ko jira? In 'yar ɗakina tana kunna waƙar coci da asuba, in yi magana? In an tambaye ni daga ina, in ce Kumasi ko in ce Aboabo? Wannan ta ƙarshe ta ja mata layi biyu.

Na tambaye ta me ya sa. Ta ce a sakandare duk lokacin da aka yi rigima ko wani abu ya ɓata, sai an waiwayo an dubi 'yan zango, ko da wasa ne. "Sai ka yi dariya tare da su, Yaya, don kada a ce ka cika zafi. In ka yi zafi kuma sai a ce ga shi nan, ai mun faɗa." Na so in ce mata jami'a ba haka take ba, sai na tuna shekarata ta farko a kwaleji, na haɗiye maganar.

Abin da ya fi cin ranta dai ba wannan ba ne. Su huɗu ne ƙawaye tun makarantar allo. Ɗaya an ɗaura mata aure bayan babbar Sallah. Ɗaya lissafi ya kayar da ita, ta sake zama jarrabawar Nuwamba da Disamba, tana jiran sakamako. Ta ukun wani ejan yana yi mata takardun aikatau a ƙasar Larabawa. "Ba fin su ƙoƙari na yi ba," in ji ta. "Ni ina da kai ne." Ta daina ɗora maganar jami'a a WhatsApp saboda su. Sannan ga azumi, bana zai kama bayan tsakiyar Fabrairu, tana da wata guda kacal a can. Ba ta taɓa buɗa-baki ba tare da kokon Mma da ƙosai ba. Ta ce abin da take tsoro shi ne daren farko na tarawi, ta idar ta duba gefenta ta ga ba ta san kowa ba.

Ita kuwa Mma ba ta cewa komai. Ta ɗauko 'yar maƙwabta tana koya mata aiki, Auta na tsaye a kansu tana mita, wai yarinyar tana cika kanwa, wai ba ta iya naɗe ganye ba, wai sai ta danna waya kafin ta ba da canji. Jiya na ji Mma ta ce mata, "To ki fasa tafiyar mana." Aka yi dariya, sai dai Mma ta daɗe a bayan gida tana wanke tukunyar da ta riga ta wanku. Masu layi sun riga sun sauya mata suna, Madam Ticha, tana harararsu tana zuba musu shito.

Da daddare ta yage shafukan baya na littafin ta ninke ta sa a jakarta, ta miƙo min sauran. Ta ce Mma kunya take ji, ba ta iya tambayar bashi, don haka daga ran Litinin aikina ne. In fara da direban nan mai jar hula, kwano goma sha ɗaya ake bin sa, kuma kada in yarda ya ce min ƙwai ba ya ciki.