Tumbi ba arziki ba ne

A kasuwar Maradi da ma'aikatun Yamai, in tumbin mutum ya fito sai a ce arziki ya zauna. Likitoci kuwa sun san kitsen ciki babbar ƙofar ciwon sukari ce. Mai wuni zaune a shago ko biro yana cikin haɗari, haka wanda ya haura shekara 45, da mai hawan jini, da wanda iyayensa suka yi ciwon. Cutar takan daɗe a ɓoye tana cin ido da ƙoda. Awon jini kafin karin kumallo ke tona ta, in sukari ya kai giram 1,26 a lita. Gado ba ya sakewa, amma tafiyar ƙasa ta minti 30 kullum tana rage haɗarin.