Gargaɗi ga Masu Kula da Netwok: Ku Rufe Ƙofar Suwic Kafin a Shigo Muku

Masu kula da netwok na makarantu, asibitoci, ofisoshin gwamnati da cibiyoyin jarrabawar kwamfuta, maganar nan taku ce, kuma ba ta jiran gobe.

A watan Agustan 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa masu kutse da ke aiki wa hukumar leƙen asirin Rasha, wato FSB, sun kwashe fayilolin saiti na dubban na'urorin sadarwa. Ta ina suka bi? Ta Smart Install, wani tsari da ke cikin suwic ɗin Cisco, wanda aka yi don sabon suwic ya karɓi saitinsa da kansa. Yana saurare a tashar TCP 4786, kuma ba ya tambayar kowa kalmar sirri. Kamfanin ya fitar da gyaran wani rauni na wannan tsari mai lamba CVE-2018-0171 tun watan Maris na 2018. A Afrilun shekarar aka afka wa suwic-suwic a Iran da Rasha ta wannan tsari, aka goge saitinsu, aka bar hoton tutar Amurka a madadinsa. Shekara bakwai bayan haka ana nan ana shiga ta wuri guda, saboda sakaci kawai.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda muke raina suwic. A rataye shi a bango, fitilunsa na ƙyafta, shi ke nan an manta da shi. Alhali duk abin da kwamfutocin ofis ke aikawa ta cikinsa yake bi. Wanda ya samu ikon sarrafa shi zai iya kwafe wannan zirga-zirga zuwa inda yake so, ya buɗe wa kansa asusu, ya zauna wata da watanni, domin manhajar kariya da ke kan kwamfutoci ba ta leƙa cikin suwic. Kun kulle ɗakuna ne kun bar zaure a wangale. Haka aka gani a Oktoban 2023, lokacin da aka dasa mugunyar manhaja a dubban na'urorin Cisco masu manhajar IOS XE ta shafin sarrafawa na yanar gizo da aka bari a buɗe ga duniya.

Mu nan kuwa, yawancinmu suwic na hannu muke saye. Wani ya zo da saitin tsohon mai shi ba a goge ba, wani kuma kamfani ya daina yi masa gyara tuntuni. Ga ɗan kwangilar da ya haɗa netwok ya tafi da kalmar sirri a aljihunsa, ba wanda ya sauya.

To ku shiga yau. Ku buga no vstack don kashe Smart Install, ku kashe shafin sarrafawa na HTTP da HTTPS in ba ku amfani da shi. Telnet kuwa a tsirara yake aika kalmar sirri, ku kashe shi ku koma SSH. Abin da ya fi duka muhimmanci: kada adireshin sarrafawa ya fuskanci intanet, kada kuma ya zauna a VLAN ɗaya da ɗalibai ko baƙi. Ku ware masa nasa, ku sa access-class a layukan vty, sai kwamfutar mai kula kaɗai ta isa wurin. Idan SNMP ɗinku har yanzu public da private ne, ku koma SNMPv3. Kalmar sirri irin ta Type 7 cikin daƙiƙa ake warware ta, ku maye gurbinta da secret. Kowane ma'aikaci da asusunsa, akwatin suwic kuma da kwaɗo, don mai kebul ɗin konsol a hannu ba ya buƙatar intanet.

In kun ga sunan asusun da ba ku sani ba a cikin saiti, ku ɗauka an riga an shiga: ku cire na'urar, ku sake ɗora mata manhaja, ku sauya kalmomin sirri gaba ɗaya. Shugabannin hukumomi kuma, don Allah ku saki kuɗin sauya tsofaffin suwic ɗin da ba su da sauran gyara.