Kallon Farko: Yadda Mutanen Kabi Suke Karɓar Fina-finan Aljanu da na Sararin Samaniya

Duk wanda ya saba da majalisar samari a Birnin Kebbi ko Argungu bayan sallar isha'i, ya san cewa hirar da a da ba ta wuce ta ƙwallo da siyasa da farashin buhun shinkafa ba, yanzu ta samu wani sabon babi, wato labarin dogayen fina-finan nan masu zuwa kashi-kashi, waɗanda matasa suke kira sizin, musamman ma waɗanda suka ƙunshi al'amuran ta'ajibi: matar da take rikiɗa ta zama macijiya, da yaron da yake magana da dodo a ƙarƙashin fada, da jirgin da yake ratsa tsakanin taurari, da mutumin da yake komawa shekaru ɗari baya ya dawo kafin shayinsa ya huce. Maganata a nan a kan hukuncin da mai kallo yake yankewa ne a daren farko, bayan ya ga kashi ɗaya ko biyu kacal, domin na lura cewa wannan hukunci na gaggawa, wanda ake furtawa ba tare da dogon nazari ba, yana bayyana abubuwa da yawa game da mu kanmu, da abin da muka gaskata, da abin da muka mance muna da shi.

Akasarin waɗannan fina-finai ta shagon mai turi suke shigowa. Ɗan ƙaramin shago ne, da benci a ƙofa, da kwamfuta a kan tebur, da igiyoyin caji sun yi rassa a jikin bango. Yaro ya miƙa wayarsa ko mimorinsa, mai shago ya tambaye shi wane iri yake so, na faɗa ko na soyayya ko na tsafi, sa'an nan ya buɗe masa kashin farko ya kunna na 'yan mintoci domin ya ɗanɗana. A cikin waɗannan 'yan mintoci, yana tsaye, janareta yana ƙara a bayansa, wasu biyu suna leƙe ta kafaɗarsa, a nan ne ake yanke wa aikin da ya ci shekaru da miliyoyin daloli hukuncin a tura ko a bari. Waɗanda suke da tauraron ɗan Adam a gida, ko kuɗin data mai yawa, suna da tasu hanyar, amma ra'ayin gari daga bakin shagon nan yake tashi.

Ya kamata mai karatu ya san cewa masu shirya waɗannan fina-finai sun kasa su gida biyu, ko da yake mu nan mukan haɗa su a kwando ɗaya. Gida na farko shi ne na gaibu da sihiri, inda abin mamaki yake faruwa ta hanyar aljani ko matsafi ko fatalwa, ba kuwa a bin marubucin bashin bayanin yadda aka yi. Gida na biyu shi ne ƙagaggen labarin kimiyya, inda marubuci yake ɗaukar wani ilimi da ake da shi yau, ya ja shi gaba da hasashe, ya ce: in da mutane za su ƙera na'ura kaza, ko su isa duniya kaza, me zai sami zamansu da halayensu? Abin da na gani a ƙasar Kabi shi ne, gida na farko yana samun karɓuwa nan take, alhali gida na biyu yakan sha tsaki tun kafin a gama rubutun farko.

A ɗauki Merlin, wanda gidan talabijin na BBC ya fara nunawa a 2008 ya kammala a 2012, wanda kuma da wuya ka sami saurayi a garuruwan nan da bai san sunansa ba. Labarin wani yaro ne bara a fadar Camelot, yana yi wa Yarima Arthur hidima, yana ɓoye baiwarsa ta sihiri saboda Sarki Uther ya yanke hukuncin kisa a kan duk wanda aka kama da ita. Mutumin da ya tashi a Birnin Kebbi, inda fadar Sarkin Gwandu take, ko a Argungu, inda fadar Sarkin Kabi take, ba ya bukatar a yi masa sharhin mene ne yarima, ko mene ne matsayin tsohon likitan fada da sarki yake jin shawararsa, ko yadda bara yake sanin sirrin ubangidansa fiye da 'yan'uwansa na jini. Tun a kashi na farko ya riga ya gane kowa, ya zaɓi wanda zai so da wanda zai ƙi. Haka kuma Naagin na ƙasar Indiya, wanda aka fara a 2015, labarin macijiyar da ta ɗauki siffar mace domin ta rama kisan iyayenta, ya shiga ɗakunan mata ba tare da sallama mai tsawo ba, saboda kunnen da ya sha tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da labarin 'yan ruwa bai ga baƙon abu a rikiɗa ba, ga shi kuma masu fassara irin su Algaita na Kano sun daɗe da sabar mana da jin mutanen Indiya suna Hausa.

Akwai dalili mai zurfi fiye da sabo. Mu al'umma ce da ta yi imani da gaibu. Samuwar aljanu a wurinmu tabbatacciya ce da nassin Alƙur'ani, har akwai sura sukutum da sunansu, sihiri kuma abu ne da aka tabbatar da aukuwarsa aka kuma haramta aikata shi. A Argungu, kafin dubban masunta su afka gulbin Matan Fada da homa da gora a bikin kamun kifin da aka fara a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar sulhu, sai Sarkin Ruwa ya fara yin nasa aikin na gyaran ruwa, mutanen gari kuma suna da abin da suke faɗa game da shi da kadoji. Saboda haka Baturen da ya rubuta fim ɗin aljanu yana wasa ne da abin da yawancin masu kallonsa suka ɗauka almara, mu kuwa muna kallon abin da muka san yana da asali, sai tambayarmu ta farko ta zama ta fiƙihu: shin wannan da nake kallo ya halatta in kalla?

A wannan gaɓa ina ganin kallon farko yana da gaskiya, ya kuma cancanci a girmama shi. Akwai wani shahararren sizin na Amurka mai suna Supernatural, wanda ya yi shekara goma sha biyar ana nuna shi, daga 2005 zuwa 2020, labarin wa da ƙane masu yawo gari-gari suna farautar shaiɗanu da fatalwowi. Farkonsa yana da armashi, akwai zumunci mai taɓa zuciya tsakanin 'yan'uwan nan biyu, amma da tafiya ta yi nisa sai marubutan suka shigo da mala'iku suna saɓo suna yaƙar juna, daga bisani ma suka kai ga siffanta Mahalicci da siffar ɗan Adam, tsarki ya tabbata gare Shi. Saurayin da ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi a nan ya kashe wayarsa, tarbiyyar makarantar allo ce ta yi aikinta, kuma ba ya bukatar ya ba kowa haƙuri a kan haka. Bambancin mu'ujiza da karama da istidraji da sihiri mas'ala ce da malamanmu suka yi wa bayani filla-filla a littattafan tauhidi, a ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mai tafsirin Liya'ut Ta'awili, ya zauna. Wanda ya riƙe wannan mizani zai iya kallon hikaya a matsayin hikaya, ya kuma gane inda ta ƙetare haddi.

Inda nake ganin muna zaluntar abin kallo shi ne a gida na biyu. Na taɓa zama a wani zaure a Argungu, wani yaro yana kallon jirgin sama jannati a wayarsa, kakansa yana gefe a kan buzu yana jan carbi. Tsohon ya miƙa hannu aka ba shi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya dubi wani mutum mai dogayen kunnuwa yana magana a gaban allon taurari, sa'an nan ya mayar ya ce, "Wanga ai ƙarya ta, ɗiyana." Yaron ya ce, "Baba, wasa ne kawai." Tsohon ya ce to a nemo mai ma'ana. Wannan dattijo da zai saurari labarin macijiya mai rikiɗa har ƙarshe, bai ba jirgin taurari ko minti ɗaya ba, kuma ra'ayinsa shi ne ra'ayin mafi yawanmu.

Alhali kuwa abin da yake riƙe da shi a hannu yana daga cikin abubuwan da irin wannan wasa ya hasaso. A cikin Star Trek, wanda aka fara a Amurka a 1966, ma'aikatan jirgin suna ɗauke da wata 'yar na'ura da ake buɗewa a yi magana da wanda yake nesa ba tare da igiya ba. A 1973 aka yi kiran farko da wayar hannu, a 2001 kuma layukan salula suka shigo Nijeriya, yau ga masunci a cikin kwalekwale yana ciniki da dillalin kifi na wani gari. Ƙagaggen labarin kimiyya bai yi da'awar sanin gaibu ba, ƙiyasi ne yake yi daga abin da ake gani zuwa abin da mai yiwuwa ne, kuma ƙiyasi ba baƙo ba ne ga ɗalibin ilimi. Mu ne fa mutanen da malamansu suke lissafa manzilolin wata ishirin da takwas domin su gaya wa manomin fadama lokacin shuka, mu ne muka raɗa wa taurari suna, da Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta. Bugu da ƙari, a 1969, shekarar da Neil Armstrong ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da wani baƙo daga sama ya ɗauka ya zaga da shi sararin samaniya, da Hausa tsantsa, kuma 'yan makaranta da yawa sun karanta shi. Ashe ƙofar da muke rufewa yau, wani namu ya buɗe ta tun fiye da shekara hamsin.

Abin da ya fi ɗaure wa mai kallon farko kai shi ne tafiya cikin zamani, domin tana gogar imaninmu da ƙaddara: yaya za a ce mutum ya koma jiya ya gyara abin da alƙalami ya riga ya bushe a kansa? Amma wanda ya daure ya wuce kashi na uku zai tarar cewa mafi yawan marubutan nan, bayan sun ba jaruminsu wannan iko, sai su nuna cewa duk gyaran da ya yi yana haifar da ɓarnar da ta fi ta farko, ko kuma akwai al'amuran da ba sa gyaruwa ko ya koma sau nawa. Doctor Who, wanda BBC ta fara a 1963, ya daɗe yana jujjuya wannan mas'ala, kuma yana da wata alaƙa da ƙasarmu da ba kowa ya sani ba: a 2013 aka sanar da cewa an gano kashi tara na shirin, na shekarun 1967 da 1968, waɗanda suka ɓace ko a Ingila, a ajiye a ɗakin wata tashar talabijin a Jos. Ke nan tun zamanin talabijin mai baƙi da fari ake aiko wa Arewa irin wannan kallo.

Masunci ba ya yanke wa gulbi hukunci da jefa homa ɗaya, kashin farko na sizin kuwa sau da yawa shi ne mafi rauni, saboda an cika shi da gabatar da sunaye da dokokin wata duniya da ba a saba da ita ba. Ga kuma matsalar harshe: fim ɗin sihiri ana gane shi da ido ko ba a jin Turanci, na kimiyya kuwa rabin daɗinsa a cikin muhawara yake, kuma shi ne wanda masu fassara suka fi ƙaurace wa.

Abin da ya fi damuna a cikin wannan al'amari duka shi ne, muna karɓar aljanun wasu da dodannin wasu, namu kayan kuwa yana jibge. Tashar Arewa24, da ta fara aiki a 2014, ta tabbatar da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in cewa Bahaushe zai bi dogon labari mako-mako in an tsara shi da kyau, amma yawancin ƙoƙarin ya tsaya a kan aure da siyasa da zaman gari; idan aka zo fim ɗin aljanu kuwa, sau da yawa sai a shafa wa ɗan wasa farar hoda a sa shi dariya mai amo, a ce an gama. Alhali ga Muhammadu Kanta, wanda ya yi wa Askiya na Songhai tawaye a farkon ƙarni na 16 ya kafa daular Kabi, ga kangon Surame da ganuwarsa ta dutse, ga tsohuwar fadar Argungu da aka mayar gidan tarihi a 1958 cike da masu da kwari da layu da tambura, ga gulbi da sarautunsa da asiransa, wanda hukumar UNESCO ta sanya bikinsa cikin gadon al'adun duniya a 2016. Marubucin da zai ɗauki wannan aiki yana bukatar ya zauna da masu tarihin fada da gidan Sarkin Ruwa ya ji daga bakinsu, ya zauna da malami ya nuna masa iyakar da shari'a ta gindaya, sa'an nan ya nemo matasan da suka iya sarrafa hoto da kwamfuta, waɗanda wasunsu suna karatu yanzu haka a Kwalejin Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wasu kuma su ne suke zaune a bayan tebur a shagunan turi.