Gargaɗi Ga Masu Shirin Hayar Sunan Kamfani

Ba a rasa mai zuwa maka da tayin faranchayis, wato hayar sunan kamfani da tsarin aikinsa. Zai ce ka kawo jari, su ba ka suna, riba kuwa ba makawa. Waɗanda suka karɓi kuɗin sallama daga aiki da masu 'yan kuɗin gado su aka fi hari. Harkar ba damfara ba ce a kan kanta. Amma iri-iri ce, kuma kowane iri da inda yake cizo.

Akwai na dillancin kaya: gidan mai, dillalin mota, mai rarraba lemon kwalba. Kamfani ne ke yanke farashi. Shi ke ƙayyade yawan kayan da za ka ɗauka. Sau da yawa ba ka da ikon sayar da na wani. Ran da kayansa suka yanke, shagonka ya tsaya, albashin yara kuwa yana nan.

Wanda ya fi jan ido shi ne na cikakken tsari, irin na KFC da ya shigo Najeriya a 2009, da Domino's da ya biyo baya a 2012. Nan ne ya kamata a natsu. Za ka biya kuɗin shiga. Za ka gina shago yadda suke so, da kuɗinka. Sannan su riƙa cirar kasonsu daga ciniki, ba daga riba ba. A Amurka, Subway na karɓar kashi 8 cikin 100 na ciniki, da ƙarin 4.5 na talla. A wannan lissafi, cinikin naira miliyan 10 na nufin miliyan 1.25 ta tafi tun ba ka sayi dizal ba, ba ka biya haya ba. Watan da ka faɗi ma sai ka biya.

Girman suna ba ya tsare kowa. Kamfanin Quiznos ya kai kusan shaguna 5,000 a 2007. Masu shaguna suka yi ta kuka cewa ana tilasta musu sayen kayan abinci da tsada ta hannun kamfanin, har suka kai ƙara kotu. A 2014 kamfanin ya shiga kotun fatara. Dubban shaguna sun rufe, jarin mutane ya bi ruwa.

Sai na wakilcin ƙasa baki ɗaya. Mutum ɗaya ya karɓi izini, ya riƙa raba wa wasu. In da dala aka ƙulla yarjejeniya, a tuna da 2023: dala tana wajen naira 460 kafin watan Yuni, a farkon 2024 ta haura 1,500. Bashin ya ninka sau uku, kwastoma kuwa da naira yake saye. In kuma ba a yi wa yarjejeniyar rajista a hukumar NOTAP ba, tura kuɗi waje ta banki zai zama aiki. Kai da ke ƙarƙashin wakili, tambayi yaushe izininsa zai ƙare. Nasa ya mutu, naka ya shiga rububi.

Mai arha ma ba abin sakin jiki ba ne. A 2022 hukumomin Amurka sun maka kamfanin Burgerim a kotu bisa zargin yaudarar mutane sama da 1,500 da suka biya kuɗin shiga, da yawansu ko shago ba su buɗe ba.

Dokar Amurka ta wajabta a ba mai saye takardar cikakken bayani kwana 14 kafin ya sa hannu ko ya biya sisi. Kada ka yarda da ƙasa da haka. Kai wa lauya takardar, ya duba sharaɗin fita da na hana ka irin sana'ar bayan an rabu. Nemi waɗanda suka rufe shagunansu ka ji ta bakinsu, ba waɗanda kamfani ya zaɓo maka ba. Duk wanda ya ce sai yau za ka biya, ka riƙe kuɗinka.