Mota Marar Direba: Wa Zai Duba Lafiyarta?

A wasu biranen Amurka da Sin yanzu ana ɗaukar fasinja a motocin da ke tuƙa kansu, kwamfuta ce ke sarrafa sitiyari da birki, tana duban hanya da kyamara da rada. Babbar matsalar da ke gaban hukumomi ita ce yadda za a tabbatar irin wannan mota ba za ta salwantar da rayuka ba.

Ran 18 ga Maris, 2018, a garin Tempe na Jihar Arizona, motar gwaji ta kamfanin Uber ta buge wata mata da dare tana ƙetare titi riƙe da kekenta, ta rasu. Bincike ya nuna na'urar ta hango ta daƙiƙa 5.6 kafin karon, amma ta kasa gane mutum ce, domin ba a koya mata cewa mutum kan ƙetare inda ba a shata wurin ƙetarewa ba. A Oktoba 2023 kuma Jihar Kalifoniya ta dakatar da lasisin kamfanin Cruise, bayan motarsa ta ja wata mata a ƙasa. Birtaniya ta kafa doka a 2024 cewa tilas motar ta kai direba ƙwararre mai natsuwa iya kiyaye haɗari, kuma alhakin tuƙinta yana wuyan kamfani.

To, a kwatanta wannan da abin da mutumin Horo Birni ya saba gani in ya hau babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, wadda ta ratsa Boɗinga da Shagari: jakuna da raƙuma, garken shanu, amalanke, 'yan talla a bakin titi, ga hazo lokacin hunturu. Direban da ya san hanyar kan sassauta tun kafin akuya ta zabura. Na'urar da aka horar a titunan Turawa ba ta san wannan ba.

Jami'an duba motoci da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, sun saba duba birki da taya da fitila da lasisin direba. Idan direban ya zama kwamfuta, sai an sake salon jarrabawa. Saboda haka ya kamata a tsara ƙa'ida tun kafin motar ta iso: kada ta ɗauki fasinja sai an gwada ta a kan hanyarmu, rani da damina, an kuma san wanda zai biya diyya in tsautsayi ya auku.